Jirgin da na hana nutsewa

Tsawon jirgin taku huɗu ne da ɗan kai. Maigidana ya yi wata goma sha huɗu yana haɗa shi a barandar gidan da muke haya a Abbasiya, hawa na uku, tsakanin igiyar shanya da tukunyar gas. Jirgin yaƙi ne irin na da, ruwan toka, mai bututun hayaƙi biyu da bindigogi uku. Ba na ado ba ne. Akwai inji a cikinsa, da batir, da ƙaramin famfon kwashe ruwa, kuma daga bakin ruwa ake tuƙa shi da rimot. An gina shi ne don a harbe shi.

Ni mai karanta labarai ce a sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Alƙahira. Shi kuwa karatu ya kawo shi Masar tun yana saurayi, ya gama ya zauna, ya zama mai fassara takardu ga ɗalibai da 'yan kasuwa a wani ɗan ofis a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Mutumin Yawuri ne, ɗan masu sassaƙa kwalekwale. Ni 'yar Katsina ce, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. 'Ya'yanmu biyu sun girma sun koma gida, aka bar mu mu biyu.

Fanka ce ta jawo abin. Tamu ta lalace, ya kai ta shagon wani tsohon Bamisire a bayan ofishinsa. Tsohon ya yi aikin kanikancin jiragen ruwa shekaru da yawa kafin ya koma gyaran fankoki, kuma kowa Kyaftin yake ce masa, ko da yake bai taɓa jan ko da kwalekwale ba. A kan kantar shagon maigidana ya ga wani ƙaramin jirgi, jikinsa duk faci. Ya tambaya, aka ba shi kujera da shayi. Bai dawo gida ba sai bayan la'asar, kuma ya manta fankar.

Ga yadda wasan yake, kamar yadda ya bayyana mini. Su bakwai ne, duk dattawa. Asabar ta farko a kowane wata suna haɗuwa a wani tafkin kiwon kifi da aka daina amfani da shi, a hanyar Fayyum. Sai su rabu gida biyu. Jiragen suna harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, girman ƙwayar dawa, da ƙarfin iskar gas. Gefen kowane jirgi da wani katako marar nauyi ake rufe shi, balsa sunansa, siriri yadda ƙwallon zai huda. Ruwa ya shiga, famfo ya kwashe, har ruwan ya fi ƙarfin famfon, jirgi ya nutse. Yana nutsewa sai wata 'yar toshiya da aka ɗaure da zare ta taso saman ruwa ta nuna inda yake. Mai jirgin ya shiga ruwan da kansa, ya ciro abinsa, ya shanya, ya yi faci.

Na ce, "Malam, wato shekara guda za ka zauna kana gini don wasu tsofaffi su huda maka shi?"

"Ni ma ai zan huda nasu."

"Da babanka ya ga wannan, da ya ce Masar ta taɓa maka kai."

"Babana shekara arba'in ya yi yana toshe ɓaraka da auduga da kwalta, gabansa na faɗuwa. Bai taɓa samun damar ganin jirgi ya nutse yana dariya ba. Ni zan samu." Ya ɗaga kai daga kan zanen da ya shimfiɗa a tabarma. "Ke dai, Mai Labarai, abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ya nutse, ki tsaya a bakin ruwa ki karanta mini labarin da muryar nan taki ta ƙarfe bakwai. Kanun labarai, sannan cikakken bayani."

Na ce sai ya biya kuɗin talla. Ya ce zai biya da kwanon kushari, abincin nan nasu na shinkafa da taliya.

A lokacin ya riga ya shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, Lahadi da Talata da Alhamis, awa huɗu kowace rana. Jirgin ya cike masa sauran kwanakin. Ya yanka haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su, ya ɗora bene, wato murfin samansa, ya haɗa wayoyi. Barandar ta koma warin gam da garin katako, har kayan shanyarmu suka ɗauka. Wajen wata na goma hannunsa na dama ya fara rawa. Na hagu kuwa dama likita ya hana shi aiki da shi, don nan ne ake sa masa allurar wankin. Saura rufe gefen jirgin, aikin da ya fi kowane son hannu a tsaye. Sai na zama hannunsa.

Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari akwai fili da suke kira taga. Taga talatin da biyu ne a jirginmu. Ina yanka balsar, ina liƙawa, yana zaune a kujerar roba yana ba da umarni.

"Gam ya isa. Na ce ya isa, ba miya kike sa wa mai ba."

Bayan balsar sai wata takarda mai laushi, sai fenti shafa ɗaya. Da muka gama na danna gefen da ɗan yatsa, na ji yana lotsawa.

"Wannan ai ko da farce sai in huda shi."

"To shi ne ya yi daidai," in ji shi.

A makon ne likitansa ya kira ni gefe, a barandar asibiti. Ya ce zuciyar ta gaji, wankin yana yi mata nauyi. Ya ce, "In akwai abin da kuke son yi, madam, kada ku jinkirta." Aikina kenan, gane jimlar da aka sassauta. Na yi masa godiya, na koma na zauna kusa da gadon, na ci gaba da ɓare masa lemo.

Zan faɗi abin da na yi dalla-dalla, don kada a ɗauka ruɗewa ce. Ranar Alhamis na raka shi asibiti da ƙarfe takwas na safe. Daga can na biya wani shagon kayan gini na sayi gam ɗin nan mai kwalba biyu, wanda in an haɗa shi yake daskarewa kamar gilashi. Na dawo gida, na ɗora jirgin a kan sikelin kicin na rubuta nauyinsa. Na cire benen, na shafe cikin tagogi talatin da biyun nan da buroshi, na jira ya sha iska, na sake shafawa. Na kunna masa fanka, fankar nan dai, don warin ya fita. Na sake auna shi, na ga abin da ya ƙaru, na cire daidai wannan nauyin daga dalmar da ke ƙasan jirgin. Na mayar da benen. Daga waje babu abin da ya canja. Sha biyu saura kwata ina ƙofar asibiti.

Dalilina ba mai tsawo ba ne. Na karanta kalmar "ya nutse" a gaban makirfo sau da yawa, jiragen bakin haure a teku, kwalekwalen 'yan kasuwa a kogunan gida, kuma muryata ba ta taɓa rawa ba. Amma wannan jirgin akwai shatin yatsunsa a jikin gam ɗinsa. Na san shi zai rage mini. Na lissafa cewa ƙwallayen za su riƙa dukansa suna zamewa, ya ci wasa, ya yi murna, mu dawo da abinmu lafiya, ba wanda zai sani. Ban taɓa zuwa tafkin ba. Ban san ana gwada sabon jirgi kafin ya shiga ruwa ba. Ko kuma ya taɓa faɗa mini ban saurara ba, wannan ma mai yiwuwa ne.

Asabar ɗin ta faɗo a farkon sanyi. Muka ɗauki shatar tasi, jirgin a kwance a kan cinyoyinmu, nannaɗe da tsohon bargo. Ya sa farar hularsa ta Juma'a. Tun daga Giza yake koya mini sunayen jiragen abokan gaba da halin masu su: wannan matsoraci ne, wancan yana son kai hari ta baya.

Tafkin bai kai rabin filin ƙwallo ba, ruwansa kore, da ciyawa a gefe. Dattawan suka taso suka tarbe shi da hayaniya, kowa da tabarau na kare ido a goshi. Wani tsohon likitan haƙori, mai ƙaton ciki, ya zagaya jirgin yana tafa hannu.

"Ya ustaz, kyakkyawa ne! Wallahi har na ji kunyar abin da zan yi masa."

"Ka fara samun sa tukuna, ya daktur. An ce mini rabonka da ka sami wani abu tun kana cire haƙorin da ba shi ne ke ciwo ba."

Aka yi dariya. Ban ji maigidana ya yi magana da ƙarfi haka ba tun bara.

Sai Kyaftin ya fito da wani bututu da siririn sandan tagulla. Ya kwantar da jirgin a kan gefensa, ya tsayar da bututun a kan wata taga, ya saki sandan ta ciki. Ƙa'idar ita ce sandan ya huda. Sandan ya faɗa, ya ce ƙwas, ya yi tsalle. Kyaftin ya matsa wata tagar, ya sake. Ƙwas. Ya juya jirgin ya gwada ɗaya gefen. Haka.

"Ya ustaz, jirgi ka kawo mana ko tukunyar ƙarfe?" in ji likitan haƙori. Shi kaɗai ya yi dariyar, ita ma ba ta yi nisa ba.

Kyaftin ya cire benen, ya haska ciki da tocilan. Gam ɗin yana sheƙi, shafe sumul, babu ɗigo ko ɗaya. Ya miƙa wa maigidana tocilan. Shi ma ya leƙa ya daɗe. Ina tsaye taku biyu daga gare shi, riƙe da bargon.

Maigidana ya ce, "Kuskurena ne. Hannuna na rawa, gam ya kwace mini." Ya ɗaga hannun ya nuna musu. Kowa ya ga yana rawa, kowa ya sunkuyar da kai. Kyaftin ya sake duban aikin buroshin nan mai tsabta, ya dube ni, ya karɓi tocilan ya kashe.

Suka yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Likitan haƙori ya ce khalas, shi ke nan, a bar shi ya shiga haka, yau kaɗai. Maigidana ya ce wanda ba a iya hudawa ba shi da hurumin harbi. Kyaftin ya miƙo masa rimot ɗin nasa jirgin, ya ce ya yi yaƙin da shi. Maigidana ya ce, "Na gode, amma ba ni na gina naka ba." Abin da ya yarda da shi kawai, a sa jirgin a ruwa kafin a fara, ya zagaya. Aka sa. Ya zauna daidai a kan ruwa, bai karkata ko'ina ba. Ya kai shi ƙarshen tafkin ya dawo sau uku, minti goma ko ƙasa da haka. Daga nan aka ciro shi, aka ajiye a kan bargo, aka fara yaƙin. Ya zauna a kujerar roba da tabarau a fuskarsa da rimot a kan gwiwa, yana kallo. Jirage biyu suka nutse ranar. Duk sau biyun ya tafa.

A hanyar dawowa muka shigo cunkoson Giza. Sannan maigidana ya ce, bai juyo ba, "Mai Labarai, sau nawa kika shafa?"

"Biyu."

"Kin rage dalma?"

"Na rage."

"Shi ya sa ya zauna daidai. Aikinki da kyau."

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

"Ma'alish, ba komai. Na san abin da likita ya faɗa miki. Ni ya fara faɗa wa." Ya gyara bargon a kan bututun hayaƙin. "Sai mu feɗe shi mu sake. Akwai wata mai zuwa."

Cire gam ɗin ya fi shafa shi wuya nesa ba kusa ba. Sai an yanke kowace taga da reza, a kankare gefen haƙarƙarin a hankali don kada ya tsage. Taga ɗaya takan ci mini yini. Yana zaune yana kallo, amma ya daina ba da umarni, barci yake ɗauke shi a kujerar. Mun gama taga tara aka kwantar da shi. Asabar ta farko ta watan ta same mu a asibiti. Ya tambaye ni ranar mece ce, na ce Asabar, ya ce, "Yanzu daktur yana can yana harbin ciyawa." Ta watan gaba ba ta same shi ba.

A nan aka binne shi. Ɗalibai 'yan gida suka cika layinmu, su suka ɗauki makara. An faɗa mini dattawan tafkin duka bakwai sun tsaya a sahun baya.

Na yi takaba a gidan nan, wata huɗu da kwana goma. 'Yata ta zo ta yi mini wata guda ta koma. Ta so ta sa jirgin a cikin akwatin gilashi, ta ce ta ga masu yi a Wustul Balad. Na ce ta bar shi. Bayan ta tafi na ɗauki reza na ci gaba daga taga ta goma. Na gama ashirin da ukun da suka rage, na yanka sabuwar balsa, na liƙa, takarda, fenti shafa ɗaya. Na mayar da dalmar da na cire, don ban jefar da ita ba, tana cikin gwangwanin shayi. Duk lokacin da hannuna ya kai ga kwalbar gam karo na biyu, sai in ajiye.

Asabar ta farko bayan na fita takaba na je tafkin ni kaɗai. Zafi ya shigo. Dattawan suka miƙe tsaye da suka gan ni, ba hayaniya wannan karon. Na ce wa Kyaftin ya kawo bututunsa.

"Ba sai an gwada ba, madam."

"A gwada."

Sandan ya faɗa ya wuce ciki, ba ƙara. Wurare uku, huda uku. Kyaftin ya yi musu faci da kansa, ya ba ni tabarau, ya nuna mini sandunan rimot: wannan gaba da baya, wannan juyawa, wannan harbi. Ban iya ba. Jirgin yana ta yawo kamar wanda ya ɓata hanya, ya bangaji ciyawa, ya juya musu gefe a fili. Ba abin harin da ya fi wannan sauƙin samu. Amma minti biyar suka wuce ba abin da ya taɓa shi. Ina jin ƙarar bindigoginsu, ina ganin ruwa yana fallatsa can nesa da shi. Jirgin likitan haƙori ya zo daf da nawa, ya ja da baya, ya harba sama.

Na cire yatsuna daga rimot ɗin, jirgin ya tsaya cak a tsakiyar tafki.

Na ce, "Kyaftin, abin da na yi masa ne kuke yi."

Likitan haƙori ya cire tabaransa ya goge da gefen riga ya mayar. Kyaftin ya dubi sauran, ya ce, "Yalla, mu je."

Ba su ƙara sassauta mini ba. Jirage uku suka kewaye shi. Ina jin ƙwallayen suna shiga, wani ɗan sauti kamar ana fasa gyaɗa. Na danna harbi har ƙwallayena suka ƙare, daga baya aka ce na huda jirgin likitan haƙori sau biyu. Famfon ya tashi, yana feso siririn ruwa ta gefe, yadda maigidana ya tsara shi. Sai feshin ya ƙi yankewa. Jirgin ya karkata hagu, bayansa ya yi ƙasa, hancin ya ɗaga ya tsaya kamar na daƙiƙa uku, sannan ya tafi. Ruwan ya rufe. Na ƙirga har bakwai kafin toshiyar ta taso. Ja maigidana ya fente ta, tun hannunsa na tsaye.

Kyaftin ya fara naɗe wandonsa. Na ce, "Mai jirgi ke shiga." Na cire takalmi na shiga da abayata. Taɓo ne a ƙasa, mai santsi, ruwan ya zo mini ƙugu. Na kama zaren na bi shi da hannu, na sunkuya har haɓata ta taɓa ruwa, na ɗago shi. Ya yi nauyi ƙwarai. Ruwa na zuba ta hujojin a kan ƙirjina har na fito.

Al'adarsu ce a ƙirga hujoji a gaban kowa. Goma sha tara a sama da layin ruwa, shida a ƙasa. Suka tafa, yadda suke yi wa duk wanda aka nutsar da shi karon farko. Kyaftin ya miƙo mini shayi da ragowar takardar faci.

Ina tsaye a bakin ruwan, kayana na ɗiga, na tsara labarin a kaina kamar yadda nake yi kowace rana kafin a kunna jar fitila. Jimla uku ya fito, da lokaci, da wuri, da adadin hujoji. Na buɗe baki. Na duba mutanen da ke wurin, babu ɗaya a cikinsu da yake jin Hausa. Na sha shayin.

Jirgin yana baranda yanzu, a kan kujerar roba. Ya bushe. Ban yi masa facin ba tukuna, kuma labarin ban karanta shi ba.